Kujerar Wa Ce? Lacca kan Zaɓen Cike Gurbi a Majalisun Dokokin Jihohi

 

A watan Afrilun 2024 Allah ya yi wa ɗan majalisar dokokin jihar Kano mai wakiltar Bagwai da Shanono, Halilu Ibrahim Kundila, rasuwa. Ba a zaɓi wanda zai gaje shi ba sai ranar 16 ga Agustan 2025. Wata 16 ke nan, sulusin wa'adin shekara 4. A tsawon waɗannan watanni majalisar ba ta tsaya jiran kowa ba, doka ma ba ta ce ta jira ba. A watan Mayun 2024 ta soke dokar masarautu ta 2019, wadda a ƙarƙashinta Bagwai da Shanono suke cikin masarautar Bichi, sannan a ƙarshen shekarar ta amince da kasafin kuɗin 2025. Ban zo nan don in ce soke dokar daidai ne ko kuskure ba, kowa a zauren nan yana da ra'ayinsa a kai. Abin lura shi ne, ranar da aka yanke wane sarki ne talakan Shanono zai yi wa mubaya'a, babu wanda ya miƙe a zauren majalisa da sunansa, ko ya goyi baya ko ya ƙi. Haka ranar da aka raba kuɗin hanyoyi da asibitoci da makarantu na shekara guda.

Daga wannan misali nake son in gina maganata ta yau. Kujerar ɗan majalisar jiha ta mutanen mazaɓa ce. Wanda ke zaune a kai aro aka ba shi, jam'iyyarsa kuwa hanya ce da ya bi ya iso. Idan kujerar ta zama babu kowa, ta koma hannun masu ita, kuma su kaɗai ke da ikon sake ba da ita. Saboda haka ina ganin kiran da ake yi na a daina zaɓen cike gurbi, a bar jam'iyya ta kawo wanda zai ƙarasa wa'adi, kuskure ne, ko da yake matsalar da ta haifar da kiran gaskiya ce. Ciwon yana wurin jinkiri, da kuma hannun da aka damƙa wa ikon cewa kujera ta zama gurbi. Can ya kamata a sa magani.

Bari mu fara da abin da kundin tsarin mulki na 1999 ya ce, don a wannan batu bai yi ƙwauron magana ba. Sashe na 117 ya ce kowace mazaɓa za ta aiko da wakili ɗaya wanda aka zaɓa kai tsaye. Sashe na 109 ya lissafa hanyoyin da ɗan majalisa zai rasa kujerarsa: ya karɓi muƙamin kwamishina ko minista ko mai ba da shawara na musamman, ya koma wata majalisar, ya ƙaurace wa fiye da sulusin kwanakin zama na shekara ba da wani dalili karɓaɓɓe ba, ya sauya sheƙa alhali jam'iyyarsa ba ta rabu ba kuma ba ta narke cikin wata ba, ko mutanensa su yi masa kiranye. Sai kuma mutuwa da murabus, waɗanda ba sa bukatar hujja. Sashe na 116 kuwa ya sa lokaci: matuƙar gurbin ya samu fiye da wata 3 kafin ƙarshen wa'adin majalisa, to a cike shi cikin wata guda. Wata guda aka rubuta, wata 16 aka yi a Bagwai da Shanono. A mazaɓar Khana ta biyu a jihar Ribas, inda wakilinsu ya rasu a Satumban 2023, ko a zagayen Agustan 2025 ba a sa su ba, saboda dokar ta-ɓacin da aka ayyana a jihar a watan Maris na shekarar. Dokar ta-ɓaci ta iya zama uzurin wata 6. Ba ta bayyana shekara ɗaya da rabin da suka gabace ta ba.

Wani zai ce, kujera ɗaya cikin 40, me ta rage? To, majalisun jihohi ƙanana ne da gangan. Sashe na 91 ya ce kada su gaza mutum 24, kada su wuce 40. Kano da Legas ne ke da 40, Zamfara da Kebbi da Yobe da Gombe 24 kowannensu. Kuma manyan ayyukan majalisa duk da kaso ake yin su: kashi 2 cikin 3 kafin a tsige kakaki, kashi 2 cikin 3 kafin a kafa kwamitin binciken gwamna, kashi 2 cikin 3 kafin a zartar da dokar da gwamna ya ƙi sa wa hannu. A majalisa mai mutum 24, mutum 16 ke nan. Kujera ɗaya ko biyu suna iya zama tazarar da ke tsakanin gwamnan da ke tsoron majalisa da gwamnan da ya mayar da ita sashen fadarsa. Ku tuna kuma cewa gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa baki ɗaya ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Don haka ƙuri'ar wakilin ƙaramar mazaɓa a Zamfara tana iya taɓa dokar da za ta hau kan mutumin Kalaba. Amma ko a ajiye wannan lissafi gefe, a ƙauye ɗan majalisar jiha shi ne hukumar da ake iya samu a gida. Shi ake tarewa idan gada ta karye, ko 'yan bindiga sun sa wa gari haraji, ko an kwashe malaman firamare ba a kawo wasu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da wanda zai kai maganar yoyon inda ake rabon kwano.

Me ke kawo jinkirin? Dalili na farko yana cikin dokar kanta. Hukumar zaɓe ta INEC ba ta motsawa sai kakakin majalisa ya sanar da ita a rubuce cewa akwai gurbi, kuma sashe na 109 kakakin ya ɗora wa alhakin tabbatar da cewa ɗan majalisa ya rasa kujerarsa. Kakaki ɗan siyasa ne, yana da jam'iyya, yana da ɓangare, kuma a yawancin jihohi da yardar gwamna ya hau. An bai wa kura ajiyar nama. Idan wanda ya sauya sheƙa ya shigo jam'iyyar kakaki ne, sai a karanta wasiƙarsa a yi tafi. Idan fita ya yi, ranar ce za a tuna da sashe na 109. Kotun Ƙoli ta riga ta fayyace tun 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde na jihar Ondo, cewa rabuwar jam'iyyar da za ta halatta sauya sheƙa sai ta kasance ta taɓa shugabancinta na ƙasa, rigimar reshen jiha ba ta isa ba. Duk da haka, sauya sheƙar da aka yi tun daga lokacin ba ta ƙirguwa, kujerun da aka rasa a dalilinta kuwa ƙalilan ne.

Jihohi biyu sun nuna mana ƙarshen wannan hanya. A Edo, a 2019, rigimar Gwamna Godwin Obaseki da Adams Oshiomhole ta sa aka ƙaddamar da majalisa da dare da 'yan tsiraru, zaɓaɓɓu 14 cikin 24 suka kasance a waje. Daga baya majalisar ta ce kujerunsu sun zama gurbi, shari'a ta shiga, aka yi ta ja har majalisar ta cika wa'adinta a 2023 ba a cike su ba. Fiye da rabin jiha ya shekara kusan 4 ana yi masa doka ba da shi ba. A Ribas kuwa, a Disamban 2023, 'yan majalisa 27 cikin 32 suka bayyana komawa APC daga PDP, ɓangaren da ke tare da Gwamna Siminalayi Fubara ya ce sun rasa kujerunsu, gwamnan ya gabatar da kasafin kuɗi gaban mutum 4, sai a ƙarshen Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisar mutum 27 ɗin, ƙarƙashin kakaki Martins Amaewhule, ce halattacciya. A duka biyun kalmar gurbi ta tashi daga bayanin abin da ya faru ta zama makami. Ko a nan kusa, mazaɓar Talata Mafara ta Kudu a Zamfara ba ta shiga zaɓen Agustan 2025 ba, domin ana ƙalubalantar ayyana kujerar a matsayin gurbi a gaban kotu.

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma a nan ne masu son a soke zaɓen cike gurbi suke da hujja mai nauyi, wadda bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Farfesa Mahmood Yakubu, lokacin yana shugabantar INEC, ya sha kokawa cewa irin wannan zaɓe ba a san ranar zuwansa ba, ba a yi masa tanadi a kasafi ba, kuma wani lokacin zaɓe ɗaya kan haifi wani, idan ɗan majalisar jiha ya ci kujerar tarayya ya bar tasa. Ya yi kira a nemo hanya mai sauƙin kuɗi kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. A farkon 2025 hukumar ta shaida wa Majalisar Tarayya cewa naira biliyan 40 da aka ware mata ba za su isa ba, ta nemi biliyan 126. Wannan ne ya sa take tara gurabe ta yi su rana ɗaya: mazaɓu 9 a ranar 3 ga Fabrairun 2024, sannan 16 a jihohi 12 a Agustan 2025, waɗanda 9 daga cikinsu na majalisun jihohi ne, har da Zariya Kewaye da Basawa a Kaduna, Munya a Neja, Ganye a Adamawa da Ƙaura Namoda ta Kudu a Zamfara. Kowane zaɓe yana cin kuɗin buga takardun ƙuri'a, da gyara na'urorin tantance masu zaɓe na BVAS, da alawus na masu yi wa ƙasa hidima da ake turawa rumfuna, da jigila, da tsaro. Duk wannan gaskiya ne.

Amma a duba da kyau. Cewa ba a san ranar zuwan gurbi ba gaskiya ce a kan kujera ɗaya, ba gaskiya ba ce a kan kujeru 993 na majalisun jihohi, balle a haɗa da 469 na tarayya. Ba wanda ya san wa zai rasu, amma kowa ya san cewa cikin mutum kusan 1,500 ba za a shekara ba a rasa wasu ba. Abin da ke faruwa kowace shekara ba a kiran sa ba-zata. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu abin da ya hana a ware wa hukumar asusu na dindindin don wannan aiki, wanda ba sai ta je neman ƙarin kasafi ba duk lokacin da aka yi rasuwa. Sannan kaso mai yawa na guraben 'yan siyasa ne ke haƙa su da hannunsu. Zaɓen Fabrairun 2024 ya ƙunshi kujerun da David Umahi da Ibrahim Geidam da Femi Gbajabiamila suka bari don karɓar muƙamai a gwamnatin tarayya, watanni kaɗan bayan sun nemi ƙuri'ar jama'a. Idan ana neman inda za a rage kashe kuɗi, a fara da tambayar me ya sa shugaba ko gwamna ba zai samu minista ko kwamishina ba sai a cikin majalisa. Bai dace mai naɗi ya buɗe gurbi, sannan a ce talaka ne zai biya da ƙuri'arsa ba.

Yanzu ga shawarar kanta: jam'iyyar mamaci ko mai murabus ta kawo magaji. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa a Najeriya jam'iyya ake zaɓa. Tambarinta ne a takardar ƙuri'a, babu ɗan takara mai zaman kansa, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Rotimi Amaechi ta 2007 ta ce jam'iyya ce ke cin zaɓe. To amma ita wannan ƙasa ba ta zauna lafiya da wancan hukunci ba. Bayansa ne aka gyara doka aka hana kotu ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci, wato an yarda cewa mutumin da ke bayan tambarin yana da muhimmanci. Kuma duk wanda ya san siyasar mazaɓa ya san cewa a wannan mataki mutum ake bi: ɗan gidan wa ne, daga wace gunduma, ya zo jana'iza ko bai zo ba. Sai kuma tambayar da ta fi kowace: idan an ce jam'iyya, wa ake nufi? A jihar da take mulki, gwamna ne. A inda take adawa, uban gidan da ke biyan kuɗin hayar ofis ne. Jam'iyyun da zaɓen fidda gwaninsu ke ƙarewa da ɗauki-ɗora da sunan maslaha, alhali sun san akwai babban zaɓe a gaba da zai iya hukunta su, me za su yi ranar da aka ce babu zaɓen? An guje wa gara an faɗa wa zago. Har ma za a buɗe wata kasuwa sabuwa, inda za a tsayar da mai farin jini ya ci zaɓe, bayan wata 3 a ba shi kwamishina, a zaunar da wanda da ba zai taɓa ci ba. Kuma gwamnan da ke neman kashi 2 cikin 3 zai samu hanyar sauya 'yan majalisa masu taurin kai ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya je rumfa ko ɗaya ba.

Sakamakon zaɓukan ma yana magana. Marigayi Kundila ɗan APC ne, amma NNPP ce ta ci kujerarsa. A Onitsha ta Arewa ta ɗaya a Anambra, wanda aka sace aka kashe, Justice Azuka, ɗan jam'iyyar Labour ne, APGA ce ta gaje shi. Da an bi shawarar naɗi, da an zaunar wa mutanen nan wakilan jam'iyyun da ba su ne suka zaɓa ba da aka tambaye su. Na san amsar da za a ba ni: ai NNPP ce ke mulkin Kano a lokacin, APGA ce ke mulkin Anambra, zaɓen cike gurbi na mai gwamnati ne, domin duk ƙarfin jiha ake tarawa a ƙananan hukumomi biyu, a sayi ƙuri'a, a jibge 'yan daba, mutane kaɗan su fito. Akwai gaskiya a ciki, mai ɗaci. A ranar zaɓen Agustan 2025 'yan sanda a Kano sun ce sun kama sama da mutum 200 da ake zargi da daba. Zaɓen Kunchi da Tsanyawa da kotu ta sa a sake, dakatar da shi aka yi a wasu rumfuna a Fabrairun 2024 saboda tashin hankali, bai kammala ba sai bayan shekara ɗaya da rabi. Sai dai a wannan rana ta Agusta, jam'iyyar gwamna ta sha kaye a Ganye, ta sha kaye a wancan zaɓe na Tsanyawa, kuma bayan zagaye na biyu ta sha kaye a Ƙaura Namoda ta Kudu. Mai lura zai ce ai wadda ta ci ita ce ke mulki a Abuja, kuma ba zan musa ba. Amma hakan na nufin an fafata, ba a san sakamako tun daga gida ba. Zaɓe mai aibi yana barin ƙofar kaye a buɗe, naɗi kuwa rufe ta yake yi. Kuma idan daba da sayen ƙuri'a hujja ce ta soke zaɓe, to ba na cike gurbi kaɗai za ta soke ba. Ƙaramin zaɓe ma shi ne inda hukuma ba ta da uzuri, tunda 'yan sandan da ake rabawa jiha guda a babban zaɓe yanzu ƙananan hukumomi biyu kawai za su tsare.

Da ake cewa wasu ƙasashe ba sa yin irin wannan zaɓe, ya kamata a faɗi dalili. A Afirka ta Kudu jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa wa majalisun larduna, don haka idan ɗaya ya fita na bayansa a jerin ne ke shiga. Can babu mazaɓar da kujera take tata, mu kuwa a kan mazaɓa muka gina komai. A Amurka kusan rabin jihohi zaɓe na musamman suke yi, sauran kuma naɗi, ta hannun gwamna ko hukumomin gunduma ko kwamitin jam'iyya, kuma a jiha irin Kolorado an daɗe ana ƙorafin cewa 'yan tsirarun jami'an jam'iyya ne ke zaunar da 'yan majalisa masu yawa. Indiya, mai jihohi da mazaɓu irin namu, ta ba da wata 6, sai in abin da ya rage na wa'adi bai kai shekara ba. Misalai biyu mafi amfani gare mu suna maƙwabtaka. A Ghana akawun majalisa ne, ma'aikacin gwamnati, kundin tsarin mulki ya wajabta wa sanar da hukumar zaɓe cikin kwana 7, a yi zaɓe cikin kwana 30, ko 60 idan rasuwa ce. A Nijar kuwa, a tsarin da aka bi kafin juyin mulkin 2023, kowane ɗan majalisa da mai jiran gadonsa ake zaɓensa, irin yadda ake yi a Faransa, ta yadda idan ya rasu ko aka ba shi minista, wanda jama'a suka riga suka san sunansa ne ke hawa.

Idan har dole sai an rage yawan zaɓukan, tsarin Nijar ne kaɗai zan iya karɓa, saboda yardar masu ƙuri'a tana cikinsa tun farko. Yana da nasa haɗarin, don a siyasar da ake zargin juna da asiri da makirci, ba kowa ne zai yi barci da daɗi ba alhali akwai wanda rasuwarsa za ta amfana, kuma ba ya warware rigimar sauya sheƙa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko na Ghana: a cire sanarwar rasuwa da murabus da karɓar muƙami daga hannun kakaki, a ɗora wa akawu da wa'adin kwanaki, in ya yi shiru hukumar zaɓe ta motsa da kanta. Gardamar sauya sheƙa da ƙaurace wa zama kuwa a kai ta kotu kai tsaye, a sa mata iyakar lokaci kamar yadda aka sa wa ƙararrakin zaɓe kwana 180. Shi ma wa'adin wata guda ya kamata a faɗi gaskiya a kansa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta nemi jam'iyya ta ba hukuma sanarwar kwana 21 kafin zaɓen fidda gwani, ga buga takardu, ga yaƙin neman zaɓe, ga kwanakin makoki da al'adarmu ba ta yarda a tsallake ba. Kwana 30 sun yi kaɗan, kuma dokar da kowa ya san ba za a iya cikawa ba ita ce ke koya wa hukuma saɓa doka ba kunya, har wata guda ya zama 16. A mayar da shi kwana 90, a kuma ba kowane mai katin zaɓe a mazaɓar ikon zuwa kotu ta tilasta wa hukumar idan rana ta 91 ta wayi gari ba a buɗe rumfa ba. Duk waɗannan gyare-gyare ne ga sashe na 109 da na 116, don haka sai sun bi ta majalisun jihohi 24 kafin su zama doka, wato ta hannun kakakin da ake neman a rage wa iko.